Daren da wuta ta tsaga sama a kan gidanmu

Yau labarin kaina zan ba ku.

Lokacin zafi ne, an ɗauke wuta, duk mun fito tsakar gida mun shimfiɗa tabarma. Baba na ɗaki kwance, sati biyu ke nan ba shi da lafiya. Wajen ƙarfe ɗaya na dare, ina kwance rigingine barci ya ƙi zuwa, kawai sai na ga gari ya yi wal! Wani dunƙulen wuta ne, fari da ɗan kore-kore, ya taso daga gabas yana jan jela. Har inuwar bishiyar darbejiya na gani a jikin katanga. Bai fi daƙiƙa huɗu ba ya tarwatse, duhu ya dawo.

Kakata ta tashi zaune tana salati. Ta ce, "Tauraro ya faɗi, wani babba zai tafi." Wallahi jama'a, idona ƙofar ɗakin Baba ya nufa. Ranar ban runtsa ba.

To, me na gani a zahiri? Ba tauraro ba ne. Taurari irin rana ne, wasu ma sun fi ta girma, nisa ne ya sa muke ganinsu ƙanana. Abin da na gani dutse ne da ke yawo a sararin samaniya, ya faɗo cikin iskar da ta lulluɓe duniya da gudun da kan kai kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa ɗaya. Wannan gudun ne ke sa ya yi zafi ya kama haske, tun yana can sama wajen kilomita 100. Yawancin waɗanda muke gani suna gilmawa ba su wuce ƙwayar gero ba. In haskensa ya fi na Zara matar wata, to ɗan babba ne.

Wani lokaci ɓurɓushi kan iso ƙasa. A ranar 3 ga Oktoba 1962, wani dutse mai kusan kilo 18 ya faɗo a Zagami, ƙasar Katsina, kusa da wani manomi a gonarsa. Da masana suka bincika, sai suka gano daga duniyar Mars ya fito. Ku ji fa, Mars a gonar Katsina!

Amma ga abin da nake so ku riƙe. A 15 ga Fabrairu 2013, wani babba ya fashe a saman Chelyabinsk ta Rasha. Mutane suka ruga taga kallo. Haske ya fi sauti sauri, don haka sai bayan kamar minti biyu ƙarar ta iso, ta farfasa gilasai. Kusan mutum 1,500 suka ji rauni, akasari gilas ne ya yanke su. Saboda haka in kun ga haske mai tsanani irin wannan, ku yi nesa da taga tukuna.

Baba kuwa? Ya warke sarai, har yau shi ke tashinmu sallar asuba. Da na yi wa kakata bayani, sai ta yi dariya ta ce, "Kai dai da bokonka."

Wa ya taɓa ganin irin wannan a cikinku? A wane gari, kuma me manya suka ce? Ina jiran labarinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.