Maroƙin ƙungiya ko ɗan jarida?



An buƙaci in yi magana a kan ladubban aikin jarida, ni kuwa na zaɓi in shiga ta ƙofar filin wasa, domin a can ne matsalar ta fi fitowa fili. Tambayata guda ce: mai sharhin wasa a radiyo ko telebijin, wanda ƙungiyar da yake sharhi a kanta ita ce ke biyan sa albashi, wa yake yi wa aiki, ƙungiyar ko mai saurare?

A Amurka wannan tsari ya daɗe. Galibin ƙungiyoyin besbol, wasan da ake buga ƙwallo da sanda, su ne ke ɗaukar masu sharhinsu, ko kuma sai da yardarsu tasha ke ɗauka. Ranar 22 ga Satumba 1966, ƙungiyar Yankees ta birnin New York, wadda ta ƙare a ƙarshen jeri a shekarar, ta yi wasa gaban ƴan kallo 413 kacal, a filin da ke ɗaukar mutum fiye da 60.000. Mai sharhinta, Red Barber, wanda ya shekara sama da 30 yana wannan aiki, ya nemi a juya kamara a nuna kujerun da ba kowa. Aka hana. Sai ya faɗa da bakinsa cewa rashin jama'ar nan shi ne labarin ranar. Ba a yi mako guda ba aka shaida masa ba za a sabunta kwangilarsa ba.

Kada a ce tsohon zance ne. A watan Yuli 2023, Kevin Brown, mai sharhin ƙungiyar Orioles ta Baltimore, ya tuna wa masu kallo yadda ƙungiyar ta sha kashi shekara da shekaru a filin Tampa Bay, don ya nuna irin ci gaban da ta samu. Alƙaluman gaskiya ne, har an nuna su a telebijin yana magana. Duk da haka aka daina jin muryarsa a tashar fiye da mako biyu, jaridu kuma suka ruwaito cewa maganar ce ta ɓata wa masu ƙungiyar rai. Sai da ƴan kallo suka yi ta kiran sunansa a fili, kana ya koma aiki ranar 11 ga Agusta.

Turai ma haka. Manchester United ta buɗe tasharta, MUTV, a 1998. A 2005, bayan Middlesbrough ta ci ta 4 da 1, kyaftin Roy Keane ya soki abokan wasansa a wata hira da tashar. Ba a watsa hirar ba, kuma cikin watan Nuwamba ya bar ƙungiyar.

Wani zai ce: wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai gaskiya a ciki. Ba na ganin laifin mai sharhi in muryarsa ta tashi lokacin da ƙungiyarsa ta jefa ƙwallo a raga. Mu da muka tashi muna sauraren kokowar takobi, wadda aka fara a Tahoua a 1975, mun san daɗin kirari. Amma ku dubi maroƙin ɗan kokowa: ba ya yaudarar kowa, domin duk fage an san wa yake wasawa, an san wa zai ba shi kyauta. Kuma idan gwaninsa ya faɗi, ba ya cewa yana tsaye. Haɗarin yana ga wanda ke zaune kujerar ɗan jarida, yana magana da muryar ɗan jarida, alhali an ƙayyade masa abin da zai gani. Yarjejeniyar ƴan jarida ta Munich ta 1971 ta yi hani a kan cuɗa aikin jarida da talla ko farfaganda.

Abin ya shafe mu. Da dama daga cikin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafar ƙasarmu na hukumomi ne, kamar AS FAN ta sojoji, AS Police da AS Douanes, wasu kuma na tafiya da taimakon ƴan kasuwa. Duk mai ƙungiyar da ya sayi lokaci a radiyo zai iske wannan jarrabawa a gabansa. Mun kuma san zamanin da murya ɗaya ake ji a ƙasar nan, kafin fitowar Haské a 1990 da babban taron ƙasa na 1991. Kunnen da ya saba da a ɓoye masa kujerun fili, ba zai yi mamaki ba in an ɓoye masa kasafin kuɗi.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Ta farko, a faɗa wa mai saurare tun farkon shiri wanda ke biyan mai sharhi. Ta biyu, mai sharhi yana da damar nuna so, amma ba ya da damar taɓa abin da ya auku: yawan ƙwallaye, yawan jama'a, kuskuren ɗan wasa, albashin da ba a biya ba. Ta uku, a rubuta wannan cikin kwangila, don kada a kori mutum saboda ya faɗi abin da kowa ya gani.

Alhazai, kun fi ni sanin cewa mai awo da mudu biyu kasuwa ɗaya yake ci. Ranar da ƙungiyarku ta yi nasara ta gaskiya, kuna bukatar bakin da jama'a za su yarda da shi, shi ne kuwa bakin da kuka bari ya faɗi ranar da aka kayar da ku.

Allah ya ba mu ikon faɗar gaskiya da juriyar jin ta.