Gida Ya Girma, Waya Tana Nan Yadda Take

Jawabin da aka gabatar a taron malaman wannan reshe, a garin Aujara



A al'ada idan muka taru, zancenmu ba ya wuce albashi, ƙarin girma da cunkoson aji. Yau mun nemi izini mu bar harabar makaranta mu shiga cikin gida, domin akwai wani abu da ke kwance a jikin bangon ɗakunanmu da saman silin, wanda ba ma tunawa da shi sai ranar da ya yi ɓarna. Wannan abu shi ne wayar wutar lantarki. Malaman firamare ne mu, kuma abin da za mu faɗa bai fi ƙarfin lissafin aji shida ba. Amma a kansa ne rayukan 'ya'yanmu da ɗan abin da muka tara a tsawon aiki suka rataya.

Da yawa daga cikinmu, a nan Aujara da Jahun har zuwa Dutse, muna zaune ne a gidajen gado ko na haya waɗanda aka yi wa wayarin tun zamanin NEPA. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan a watan Nuwamba na 2013 rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun KEDCO. Suna ya yi ta canzawa a kan takardar biyan kuɗi, amma wayar da ke cikin bango ba wanda ya canza ta. Duk gidan da aka ja wa wuta da sunan NEPA, wayarsa ta kai shekara 20 ko fiye. Wata ma ta girmi jihar Jigawa kanta, wadda aka ƙirƙiro a 1991.

To, mu ɗauki alli mu yi lissafi. Lokacin da iyayenmu suka ja wuta, kayan gida bai wuce ƙwan fitila huɗu masu wat 60, fanka biyu da rediyo ba. Idan aka tara, wajen wat 400 ke nan. Wutar da ke shigowa gidajenmu a ƙa'ida bolt 230 ce. Raba 400 da 230, za a ga abin da ke bi ta cikin waya bai kai amfiya 2 ba. Yanzu mu leƙa gidan nan a yau. Dutsen guga yana cin wajen wat 1,000. Butar lantarki ko hitar dafa ruwa tana iya cin 2,000. Ga murhun lantarki, ga firji, ga talabijin, wani gidan har da injin jan ruwa. Ba wuya a kai wat 5,000, wato amfiya 22 ko kusa da haka. Kaya ya ninka fiye da sau goma, jakin kuwa shi ne na jiya.

Abin da ya fi wannan tsanani shi ne yadda zafi ke hawa. Idan wutar da ke bin waya ta ninka sau biyu, zafin da wayar ke yi sau huɗu yake ninkawa. Idan ta ninka sau uku, zafin ya zama sau tara. Mu da muke koyarwa a ajin da aka gina domin yara arba'in amma ya ɗauki ninkin haka, mun fi kowa sanin abin da cunkoso ke yi wa benci. Bambancin kawai, benci karyewa yake yi a gabanmu, ita kuwa waya a ɓoye take dahuwa.

Ga tsufa, ga kuma yanayin ƙasarmu. Zafin bazara a ƙarƙashin kwano yana busar da robar da ta lulluɓe waya har ta tsattsage. Ɓera yana gaigayar ta. Da damina, bangon ƙasa yana shan ruwa, lema ta tarar da waya tsirara. Da hunturu kuwa, lokacin da kowa ke jona hita domin ruwan wanka, komai ya bushe ƙamas: azara, katako, zana, katifa, buhunan hatsi. Tartsatsi ɗaya da iskar hunturu sun isa. Sannan gidan Bahaushe ba ya tsayawa yadda aka gina shi. Yaro ya isa aure, a fitar masa da ɗaki. A buɗe shago a jikin zaure. Kowane sabon ɗaki, sai a ɓare wayar maƙwabcinsa a murɗa wata a kai, a naɗe da baƙin salatif, wani lokaci ma da leda. Kowace irin wannan mahaɗa wuri ne da zafi ke taruwa.

Waɗanda suka tsara aikin lantarki sun san haka za ta iya faruwa, shi ya sa suka ajiye maigadi a bakin ƙofa, wato fis. A tsofaffin gidaje za a ga fis na tangaran mai siririyar waya a ciki, na amfiya 5, ko 15, ko 30. An yi shi ne da gangan ya zama mafi rauni a duk gidan, domin idan kaya ya yi yawa ya tsinke kafin wayar bango ta kama. Tsinkewarsa gargaɗi ne. Amma abin da aka saba gani a unguwanninmu shi ne, idan fis ya dame mutane da tsinkewa, sai a cusa masa kakkaurar waya, wani har ƙusa. Daga ranar fis ba zai sake tsinkewa ba, maigida ya ce an huta. Alhali an ɗaure maigadi ne, an toshe masa baki, an bar ƙofa a buɗe.

Waya ba ta cika kamawa ba tare da ta yi sallama ba. Idan soket ya yi baƙi ko ya narke a gefe, idan makunni ya yi ɗumi a hannu ko yana ƙara idan an taɓa shi, idan ana jin warin ƙonewar roba ba a san daga ina ba, idan fitila na dusashewa duk lokacin da aka jona dutsen guga, idan jikin firji ko ƙofar ƙarfe na ɗan jan mutum, to gidan yana magana. Kada a ce ai haka yake yi tun da daɗewa. Daɗewar ita ce abin tsoron.

Mene ne gyaran? Da farko mu san iyaka. Daga falwaya zuwa mita hurumin kamfani ne, kuma zagaye mita laifi ne a doka, ban da haɗarin da ke cikinsa. Daga mita zuwa cikin gida kuwa, nauyin maigida ne.

Zuciyar gyaran ita ce akwatin rarraba wuta. A cire tsohon allon fis, a sa akwati mai bireka, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa idan kaya ya yi yawa, a ɗaga shi bayan an gano dalili. A raba gida layi-layi: fitilu da fankoki a kan waya mai kaurin milimita 1.5 da bireka ta amfiya 6 ko 10, soket a kan waya mai 2.5 da bireka ta amfiya 16 ko 20, manyan kaya irin su murhu da na'urar sanyaya ɗaki kowanne da layinsa, da waya mai 4 ko 6 gwargwadon nauyinsa. Ƙa'idar da za mu riƙe ita ce, bireka waya take karewa. Wanda ya sa babbar bireka a kan siririyar waya ya maimaita labarin ƙusa ne, cikin sabon akwati.

Na biyu, akwai na'urar da ake kira RCD, wadda mutum take karewa. Wutar da za ta iya tsayar da zuciyar ɗan Adam kaɗan ce ƙwarai, ba ta kai amfiya guda ba, don haka fis na amfiya 15 ba zai ma san wuta ta kama yaro ba. Ita wannan na'ura tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da zarar ta ga yoyo na miliamfiya 30, sai ta katse wutar cikin ƙiftawar ido. Tana da maɓallin gwaji a jikinta, wanda ya kamata a riƙa dannawa lokaci-lokaci.

Na uku, wayar ƙasa, mai launin kore da ruwan ɗorawa. Ita ce ke haɗa jikin firji da dutsen guga da sandar ƙarfen da aka kafa a ƙasa, domin idan wuta ta ɓalle ta bi ta can maimakon ta bi ta jikin mai guga. Gidaje da yawa soket ɗinsu baki uku ne, amma idan aka kwance, bakin sama babu komai a bayansa. Ƙasarmu kuma rairayi ce mai saurin bushewa, saboda haka sai an kafa sandar da zurfi a wuri mai lema, an kuma auna ta da na'ura.

Na huɗu, ingancin kaya. Kasuwa cike take da waya mai siffar jan ƙarfe, wadda idan aka kankare sai a ga farin ƙarfe a ciki, da wadda aka rubuta 2.5 a jikinta alhali ba ta kai ba. A nemi mai tambarin hukumar SON, a saya a shagon da za a iya komawa gobe. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rai takan ci.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da yawa sun koma sola, wasu kuma suna nan da janareto. Duka biyun suna shiga ne ta wannan tsohuwar waya. Dole a sa makunnin sauya layi, wanda ke raba gida da layin kamfani kafin a tayar da inji. In ba haka ba, wutar janareto kan koma baya ta bi ta taransifoma ta ƙaru zuwa dubban bolt, ta tarar da ma'aikaci a kan falwaya yana zaton layi a mace yake. Kada kuma a kwana da janareto a ɗaki ko a zaure rufaffe, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da launi ba ta da wari, cikin barci take kashewa. Game da sola, mutane na raina batir saboda bolt 12 ne kawai. Mu sake ɗaukar alli: raba wat 1,000 da 12, za a sami fiye da amfiya 80. Don haka wayar da ke tsakanin batir da inbata ita ya kamata ta fi kowace kauri a gidan, da fis ɗinta kusa da batir, a wurin da iska ke shiga.

Wa zai yi aikin? Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ba duk mai filaya da abin gwada wuta a aljihu ne ma'aikacin lantarki ba. Tun 2015 doka ta kafa hukumar NEMSA, wadda ke duba aikin lantarki da ba wa masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Ba rashin kunya ba ne a nemi ganin takardar. Mu ma sai da aka ga takardunmu aka ba mu aji. A sa shi ya auna wayar gidan kafin ya fara, ya rubuta kayan da ake buƙata, ya sake aunawa bayan ya gama, ya kuma rubuta sunan kowane layi a jikin akwati, domin ko matar gida ko babban yaro su san abin da za su kashe.

Mun san tambayar da ke zuciyar kowa: da wane kuɗin? Albashin malami ba ya ɗaukar sake wayarin gida a wata guda. Amma sannu ba ta hana zuwa. A fara da abin da ba ya cin ko kwabo: a cire ƙusa daga fis, a daina jona manyan kaya biyu a soket ɗaya, kuma idan an ɗauke wuta a zare dutsen guga da hita nan take, domin wuta kan dawo tsakar dare ta tarar da su a jone kowa na barci. Mataki na biyu, idan ɗibar adashi ta zo, a sa akwati da RCD da wayar ƙasa. Mataki na uku, a bi ɗaki-ɗaki ana sake waya a cikin bututun roba, a fara da kicin da ɗakin yara. Wanda ke haya ya zauna da mai gidan cikin mutunci, a yi yarjejeniya a rubuce a cire kuɗin gyara daga na haya.

Muna gabatar wa wannan reshe shawarwari uku. A tantance masu wayarin da ke da takarda a yankinmu, a ajiye sunayensu wurin sakatare. Asusun taimakon juna ya karɓi gyaran wuta a matsayin dalilin rance, kamar yadda yake karɓar aure da jinya, kuma a riƙa haɗa kuɗi a sayo kaya a sari daga Dutse ko Kano. Sannan kowane malami ya ware darasi guda a zangon farko, kafin hunturu ya kankama, ya koya wa ɗalibansa abu huɗu: kada a taɓa wanda wuta ta kama, a kashe babban makunni ko a ture shi da busasshen itace, kada a watsa wa wutar lantarki ruwa, a kashe makunni a zuba yashi, kada a taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu, kada a kusanci wayar da iska ta tsinko daga falwaya. Abin da yaro ya ji a aji, kafin magariba ya isa kunnen uwarsa.

'Yan'uwa, a gidajen nan takardun shaidarmu suke, da kayan ɗakin matanmu, da hatsin shekara, da 'ya'yan da muke wannan wahala dominsu. Wanda ya koma gida yau, ya ɗauki tocila ya duba allon fis ɗinsa kafin ya kwanta. Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, Ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu.