Jawabi Kan Gyaran Tsofaffin Motocin Rimot



An nemi in yi bayani kan ƙananan motocin tsere masu rimot da nake tarawa ina gyarawa. Wadda na fi ji da ita Grasshopper ce, ƙirar kamfanin Tamiya na Japan, ta 1984. Ta girme ni. A warwatse ake sayar da ita, mai saye ya haɗa da hannunsa, saboda haka ana iya kwance ta a gyara. Tsohon batir yakan zubo ya ci waya, taya ta tsage. Da kamfanin ya sake fito da ita a 2005, kayan gyara suka samu.

Roƙona gare mu iyaye: in abin wasan yaro ya lalace, kada mu jefar. Mu miƙa masa sukudireba, mu zauna tare.