Guzurin Matuƙin Jirgin Sama



Manomin Zakirai, in ya rufe rumbu da kaka, ba ya auna hatsi zuwa faɗuwar ruwan farko kawai. Yakan ƙara da na kwanakin da damina za ta iya makara. Wannan lissafi shi ne ake koya wa ɗalibin tuƙin jirgin sama a Kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, kafin a ba shi lasisin tuƙa ƙaramin jirgi.

Man jirgi da lokaci ake auna shi, watau awa nawa zai riƙe jirgin a sama, domin iska in ta tari jirgi ta gaba sai tafiya ta yi tsawo alhali nisan bai ƙaru ba. Saboda haka matuƙi zai lissafta man da zai kai shi masauƙi, ya kuma tanadi wani fili da zai juya in wancan ya toshe. Bisa ƙa'idar hukumar ICAO, mai tuƙi da ganin ido zai ƙara man minti 30 da rana, 45 da dare. Ba a sa wannan ragowa cikin lissafin tafiya. Ajiya ce ta ranar wuya.

A ƙasarmu babban abin tsoro shi ne hazon hunturu da hadarin damina, masu rufe fili farat ɗaya. A watan Satumba na 1994 wani jirgin Nijeriya ya ɗauko 'yan ƙwallon Iwuanyanwu Nationale daga Tunis. Ya iso Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya fili ba ya ganuwa sosai, ya yi ta kewaye yana neman sauka har mai ya ƙare, ya faɗi, mutum 5 suka rasu. Kowane kewaye da aka ƙara, daga guzurin juyawa aka ci.

Don haka ne ake horar da ɗalibi ya yanke shawara tun yana ƙasa, inda hankali yake kwance: in mai ya kai kaza ba a sauka ba, sai a juya. Yakan kuma duba tanki da idonsa, kada ya dogara ga ma'auni kaɗai. Abin da ya fi wuya shi ne ya ce wa fasinja mai gaggawa, ko da babba ne, yau ba tafiya. Hausawa sun riga sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.