Mu Kula da Tsofaffinmu Lokacin Annoba



Cutar korona ta shigo Nijar cikin watan Maris na 2020. Ta fi yi wa tsofaffi illa, musamman masu ciwon suga ko hawan jini.

In wata annoba ta zo, a hutar da tsoho zuwa kasuwa. Mai tari kada ya matso kusa da shi. A wanke hannu da sabuni kafin a dama masa hura. In numfashi ya yi masa wuya, a kai shi likita maza.

Amma kada a yashe shi. A gaishe shi kullum daga bakin ƙofa, a taɓa hira. Kaɗaici ma ciwo ne.

Ku da kuka iya karatu, ku karanta wa tsofaffinku wannan.