Jawabin Keɓe Sababbin Ma'aikatan Bishara a Tafashiya

 

An ce in yi muku gargaɗi, ku 'ya'yana da za a ɗora wa hannu yau, kafin a yi muku addu'a. Karatu dai malamanku sun ba ku, takarda kuma tana hannunku. Ni abin da zan taɓa shi ne wanda ba a rubuta jarrabawarsa a aji, wato hali da jimiri.

In kun koma gida ku buɗe wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 3, inda ya jera sharuɗɗan mai kula da ikkilisiya. Ku ƙirga da kanku. Kusan duka hali ne: kamun kai, karɓar baƙi, nisantar giya da faɗa da son kuɗi, iya riƙe gida. Gwaninta ɗaya ce ya ambata, iya koyarwa. Sa'an nan ya rufe da sharaɗin da ya fi shafarmu, cewa waɗanda ba 'yan ikkilisiya ba su ma su ba da kyakkyawar shaida a kan mutumin.

A ƙasar Kankiya da Kusada wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne, domin mu 'yan kaɗan ne. Wa'azinka na Lahadi 'yan tsiraru za su ji, amma gari duka yana kallon sauran kwanakinka shida. Mai shagon da ya ba ka bashin taki farkon damina yana jira ya ga ko da kaka za ka zo da ƙafarka ko sai ya aiko. Maƙwabcinka na gona yana duban ko garmarka ta ci iyaka. In an yi rasuwa a unguwa, ana lura da ko ka je ka zauna a tabarmar gaisuwa. Mutanen nan ba za su tambaye ka tauhidi ba, kuma hukuncin da suka yanke a kanka shi za su yanke wa ikkilisiya gaba ɗaya.

Saboda haka kada ɗayanku ya ƙirga baiko shi kaɗai. Ma'aji da magatakarda su ƙirga, a rubuta, a karanta wa jama'a. In mace ta zo neman shawara, matarka tana kusa, ƙofa a buɗe. Ban faɗi haka don ina zarginku ba. Na daɗe a aikin nan, waɗanda na ga sun faɗi kuwa ba rashin iya wa'azi ya kā da su ba.

Sai jimiri. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shigowa ƙasar nan da bishara. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake korarsa. Sai a 1902 aka samu aka kafa tasha a Patigi. Daga wannan aiki ne ECWA ta fito a 1954. Dakta Miller ma, da ya isa Kano a 1900 tare da Bishop Tugwell, bayan kwanaki kaɗan aka ce su fita. Ya zauna Zariya daga 1905, yana ta fama da fassara tare da abokan aikinsa, har Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. A nan lardinmu kuwa, a ƙarshen shekarun 1930, ta wajen jinyar masu ciwon kuturta a Babbar Ruga aka san mu. Wanke miki ne ya riga wa'azi.

Sunayen Turawa ne suka shiga littafi. Iyayenmu Hausawa da suka bi ƙauyuka a ƙafa da keke, suna koyar da karatu da fitilar aci-bal-bal, yawancinsu ko hotonsu ba mu da shi. Su ne kuwa suka fi kama da ku.

Naku jimirin ba lallai ya zo da ƙara ba. Wata zai ƙare albashi bai zo ba, sai ka ɗauki fartanya, kuma babu kunya a ciki, Bulus ma ɗinkin tanti ya yi a Korinti. Yaron da ka koya wa karatu, ka sa rai zai riƙe ƙungiyar mawaƙa, zai tafi Kano ko Abuja neman kuɗi. Wani dare za a ce 'yan bindiga sun kusa, jama'a su zuba maka ido. A nan ina so ku bambanta jimiri da taurin kai. In dattawa da hukuma suka ce a kauce, ka kauce tare da mutanenka, ka dawo tare da su. Abin da ba a yarda ba shi ne su waiwaya su ga fasto ya riga su tafiya.

Ku kuma 'yan ikkilisiya, kada ku mai da kalmar haƙuri abin rufe bakin ma'aikaci. Wanda ya ce wa fasto ya yi haƙuri alhali rumbunsa cike da gero, shi ma akwai tambaya a kansa. Ku biya shi haƙƙinsa, ku kula da matarsa, domin rabin nauyin nan a kanta yake sauka, ba tare da an ɗora mata hannu ba.

'Ya'yana, ku taso da matanku ku durƙusa a nan gaba. Iyayenmu fastoci, ku matso mu yi addu'a.