Jawabi Ga Matasa: Sojan Da Ya Koma Ɗauko Ɗan Uwansa

Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, 'yan uwana matasa na Dambatta da Makoɗa da Kunci, barkanmu da wannan zama.

Yau ba zancen ƙuri'a na kawo ba. Zancen wasu bayin Allah ne da ya kamata mu san sunayensu.

A watan Agustan 2023 'yan bindiga suka yi wa sojojinmu kwanton ɓauna a yankin Zungeru, jihar Neja. An kashe wasu, wasu suka samu raunuka. Ranar 14 ga watan, jirgi mai saukar ungulu na rundunar sojin sama, ƙirar MI-171, ya je kwaso su. Ya tashi daga Zungeru zai nufi Kaduna ɗauke da gawa 14 da masu rauni 7, sai ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba a ƙaramar hukumar Shiroro. Matuƙansa biyu, Ibrahim Adamu da Anthony Duryumsu, da ma'aikata biyu, duk sun rasu. Hedikwatar tsaro ta ce jami'ai 36 aka rasa gaba ɗaya.

Jama'a, mutanen nan sun san dajin da za su shiga, sun san abin da ya faru a cikinsa, amma suka tafi. Me ya sa? Soja yana tsayawa gaban wuta ne don ya tabbata in ya faɗi, wani zai dawo ya ɗauke shi. In wannan amanar ta karye, babu mai tsayawa. Ku sake duba sunayen nan biyu: Ibrahim da Anthony. Babu wanda ya tambayi mai rauni addininsa ko jam'iyyarsa. Ɗan uwa rabin jiki.

To mu fa? Ga Tsanyawa da Shanono nan kusa da mu, sojoji na kwana a daji don mu yi girbi lafiya. Ina roƙon abu biyu. Na farko, kada mu yaɗa bidiyon gawar soja a Facebook ko WhatsApp. Yana da uwa, yana da marayu. Na biyu, kowace mazaɓa ta nemo gidajen sojojin da suka rasu. In an tara gero da dawa, a kai musu ko kwano goma ne, a duba karatun yaran. Wannan ɗaukar ita ce tamu.

Allah Ya saka musu, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.